Sawu a Yashin Madam Béatrice

Halime mai girki ce ta fara ganinsa. Ta zagayo bayan ɗaki na shida da ruwan wankin shinkafa za ta watsa wa shukoki, sai ga wani baƙon otal da ake kira Mushe Léon kwance rub da ciki a kan yashi, sara ɗaya a gefen wuya, tabaransa can gefe. Ta saki kwanon, ta kurma ihu. Ƙarfe biyu ne da 'yan mintoci na ranar Juma'a, a tsakiyar bazarar Garoua, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa.

Otal ɗin ƙarami ne, ɗakuna tara kacal, a tsakiyar gari, bayan layin masu sayar da atamfa. Madam Béatrice ta gina shi ne don baƙin da ke sha'awar ƙauye amma ba sa son wahalarsa: ɗakuna zagayayyu masu rufin ciyawa da na'urar sanyi a ciki, ƙorai rataye a bango waɗanda ba a taɓa dama fura da su ba, tsakar gida kuma farin yashin Binuwai da ake bi da manjagara kowace safiya har ya yi layi-layi.

Kafin ɗan sanda ya iso, mutanen layi sun riga sun gama shari'a. A gindin famfon lambu an tsinci adda wankakkiya, ba ta ko bushe ba, kusa da dogon takalmin roba. Sawun takalmin kuwa ya tashi daga famfo zuwa gawa, ya dawo. Adda da takalmi duk na Théodore ne, mai kula da lambu, mutumin Kaélé. Aka same shi yana barci a inuwar darbejiya a bakin ƙofa, aka tashe shi da duka. Mutanen da suka fito daga masallaci yanzu-yanzu, da dardumarsu a kafaɗa, su suka fi kowa nauyin hannu. Wani tela da bai taɓa ganin Mushe Léon ba ma, shi ya fasa masa baki.

Sufeton da ya zo matashi ne mai gumi, ga dukkan alamu an raba shi da abincin rana. Ya dubi adda, ya dubi takalmi, ya ce, "Bon." Ya sa aka kulle Théodore a ɗakin ajiya, ya ce motar komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta fita wani aiki, sai ƙarfe biyar za ta zo ta ɗauke shi. A wannan shekara da hanyar Kousséri ta zama sai da rakiyar soja, ba wanda ke da lokacin dogon bincike. Talakan da ya shiga wannan mota a kan zargin kisa, sai dai 'ya'yansa su riƙa ba da labarinsa.

* * *

A ɗaki na biyu akwai wani tsoho da bai je masallaci ba, don likita ya ɗiga masa magani ya ce kada ya shiga rana. Baba Ilyasu ke nan, mai bin sawu daga Bogo. Shekara arba'in yana bin ɓarayin shanu, daga gaɓar Logone har gindin duwatsun Mandara, bai taɓa nuna mutum aka dawo aka ce ya yi kuskure ba. Amma ciwon yana ya rufe masa ido biyu. Tun damina biyu da suka wuce duniya ta koma masa kamar ana leƙenta ta cikin ruwan koko.

Alhaji Halliru, babban dillalin shanu na unguwar Dougoï a Maroua, shi ya ɗauko shi a motarsa ya kawo shi Garoua. Wani likitan ido ya zo daga Yaoundé na mako guda, gobe Asabar ƙarfe bakwai zai cire yanar. Alhaji ya sauke tsohon a otal ɗin da shi kansa yake sauka, kuma bai bar kowa a kasuwar Bogo bai ji labarin wannan alheri ba. Baba Ilyasu dai kwana biyu ke nan bai hau gadon ba. Ya ce yana nutsewa da mutum. A ƙasa yake shimfiɗa rawaninsa.

Alhajin ne da kansa ya jawo shi waje, da muryarsa ta ciniki.

"Yallaɓai, ga wanda zai hutar da kai. Duk yankinmu na Diamaré babu kamarsa. Baba, taho ka duba musu sawun nan a wuce wurin."

Sufeto ya dubi tsohon da ke laluben hanya da sanda, ya yi murmushin raini. "Papa, ka duba. Ba mu da abin yi har biyar."

Baba Ilyasu ya cire takalmansa, ya durƙusa. Bai dogara da ido ba, tafin hannu ya shimfiɗa. Ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsu, yana taɓa gaba, yana taɓa dunduniya, yana auna tazara da taƙinsa. Yashin ya yi zafin da zai gasa ƙwai, bai ɗaga hannu ba. Da ya kai famfo sai ya ɗauki takalmin ya zura hannu ciki.

"To, Baba?" in ji Alhaji. "Takalmin ne ko ba shi ba?"

"Takalmin ne."

"Shi ke nan, kun ji."

"Takalmin ne," tsohon ya sake cewa. "Ƙafar nake so in ji. A kai ni wajen mai shi."

* * *

Ɗakin ajiya na warin sabulu da jini. Théodore na zaune a tsakanin buhunan gawayi, hannu a ɗaure ta baya, ido ɗaya ya kumbure ya rufe. Hausarsa ta kasuwa ce, yana haɗawa da Fulatanci.

"Baba, wallahi ban taɓa shi ba. Ina da yara huɗu a Kaélé."

"Ban tambaye ka yara ba. Me ya raba ka da takalminka?"

"Kullum haka nake. Sha biyu ta yi, in cire, in aje adda a famfo, in ci abinci, in kwanta. Kowa a gidan nan ya sani."

"An ce jiya kun yi faɗa da mamacin."

Théodore ya sunkuyar da kai. "Ina ban ruwa da tiyo, ruwa ya fallatsa wa takardunsa ta taga. Ya zage ni a gaban mutane. Ni ma na faɗi magana. Na ce wata rana zai gani."

"Ka yi wauta."

"Na yi, Baba."

"Miƙo ƙafarka."

Tsohon ya kama ƙafar ya auna. Ƙafa ce kamar faranti, taƙi ɗaya da yatsu huɗu, mai cika takalmin dam. Wanda ya taka yashin nan kuwa ƙafarsa na yawo a ciki. Duk nauyin a gaba yake, dunduniyar takalmin na jan ƙasa ba kowa a cikinta. Baba Ilyasu bai faɗa wa Théodore wannan ba. Bai saba ba mutum fata tun bai ga ƙarshen sawu ba.

* * *

Halime na zaune a ƙofar kicin. Madam Béatrice na tsaye a kanta da waya a hannu. Abin da ya dame ta ba mamacin ba ne, baƙi ne huɗu da za su sauka daga jirgin yamma.

"Papa, s'il vous plaît, don Allah a yi sauri," in ji Madam. "Shekara shida ina gina sunan gidan nan."

"Wane ne shi Mushe Léon ɗin, Madam?"

"Likitan dabbobi. Da a nan Garoua yake aiki, aka mai da shi Maroua. Ya zo kai rahoto ne. Mutum mai tsabta, ba ya kawo mata, ba ya barin sigari a zanin gado."

Tsohon ya juya inda yake jin numfashin Halime. "'Yata, wa ya shigo gidan nan tun hantsi?"

"Dawuda mahauci kaɗai, Baba. Ya kawo nama ta ƙofar baya wajen sha biyu."

"Sun san juna da mamacin?"

Halime ta ce, "Duk Garoua ta sani. Shekara uku da suka wuce Mushe Léon ya ce san da Dawuda ya yanka na da ciwo, ya sa aka zuba wa naman kananzir aka ƙone a gaban mahauta. Dawuda ya yi kuka kamar mace ranar."

"Sai me kuma?"

"Da safe na kai masa shayi ɗaki. Akwai mutum a ciki, ban shiga ba, na aje a ƙofa. Da Fulatanci suke magana. Na ji Mushe Léon na cewa ba zai sa hannu ba, ya san tsagar kunnen shanun nan, na ƙauyukan bakin iyaka ne da aka ƙone. Ya ce ranar Litinin zai faɗa a ofis."

"Muryar ɗayan fa?"

"Ƙasa-ƙasa yake yi, Baba. Ga na'urar sanyi na ƙara."

Madam ta riga ta nufi wajen sufeto. Sunan Dawuda ya yi mata daɗi, don shi ba ma'aikacinta ba ne.

* * *

Baba Ilyasu ya koma bayan ɗaki na shida. An rufe gawar da farin zanin gado mai tambarin otal. Sufeto ya biyo shi yana fifita da hularsa.

"Abu ɗaya ke ba ni mamaki, Papa. Sara a wuya, amma jinin bai taka kara ya karya ba."

Tsohon ya tsaya cak. Ya durƙusa daidai kan mamacin, ya shafa yashin a hankali. Kamar taƙi biyu daga wuyan akwai ɗan tudu. Ya tura yatsa ciki, yatsan ya fito da danƙo. Jinin na nan, mai yawa, an dai rufe shi ne. Ya bi gefen tudun ya ji inda aka turo yashin da gefen takalmi sau uku, sannan aka danne da dunduniya sau ɗaya a tsakiya.

"Yallaɓai, mai lambu in zai ɓoye jini, da me zai ɓoye?"

"Da tiyo, ko manjagara."

"Ga su can kuwa a jingine, taku biyar. Wannan ba ɓoyewa ya yi ba. Wa zai ɓoye jini ya bar gawa a kai? Ƙafarsa ce ta yi aikin da ta saba, shi bai ma sani ba. Ɗan mahauta tun yana ƙarami ake dukansa a kan wannan. In ka yi yanka, ba ka juya baya sai ka rufe jini. Tura uku, danni ɗaya."

Aka aika aka zo da Dawuda daga rumfarsa, da rigar aiki a jikinsa. Gajere ne, ƙafarsa ƙarama. Mutanen layi da ke leƙe ta ƙofa suka fara gunaguni, hannayensu na ƙaiƙayi karo na biyu.

"Baba, ni a sahu na uku na yi salla," in ji Dawuda. "Mutum ashirin za su shaida. Na tsane shi, ban ɓoye ba, amma na bar shi da Allah tun tuni."

"Halime, kawo mini folere a kofi."

Ta kawo jan zoɓon da suke ba baƙi. Tsohon ya tsiyaye shi a kan yashi mai kyau a gaban mahaucin.

"Rufe."

Dawuda bai ko yi tunani ba. Tura uku, danni ɗaya. Sufeto ya ce, "Voilà!" ya kai hannu ga ankwa.

"Dakata, Yallaɓai."

Baba Ilyasu ya shafa sabon tudun, ya koma ya shafa na jinin. Dawuda ya tsaya a kan hagu ya tura da dama, yadda kusan kowa ke yi. Mai takalmin roba kuwa a kan dama ya tsaya, ya tura da hagu. Ramin da ƙafar daman ta yi ya nutse sosai, kamar ita kaɗai ke ɗauke da mutumin. Tsohon ya sake bin sawun zuwa famfo da rarrafe. Kowane takun hagu ya gaza na dama da yatsu uku.

Ya daɗe a durƙushe. Ya san wannan tafiya. Shekara ashirin da suka wuce, a kasuwar Bogo, wani bijimi ya harbi wani dillali a gwiwar hagu, shi Ilyasu ne ya goya shi har bakin mota. Kuma kowace Babbar Salla yana tsaye a wani gida a Dougoï, yana kallon maigidan ya yanka ragonsa da kansa, ya rufe jinin da ƙafar hagu. Mahaifin maigidan mahauci ne, ko da yake yanzu ba mai iya tuna masa.

"Ba Dawuda ba ne," ya ce. "Ku bar shi ya zauna. Ina so in sha ruwa."

* * *

Yana zaune a ƙasa a ɗakinsa aka turo ƙofa. Bai buƙaci ido ba. Taku mai nauyi, taku mai sauƙi.

"Baba, lokacin maganinka ya yi," in ji Alhaji Halliru. "Kwanta in ɗiga maka."

Ya kwanta. Alhaji ya buɗe masa fatar ido da yatsa mai laushi, mai ƙanshin turare. Digo biyu a dama, digo biyu a hagu.

"Likitan nan jibi zai koma Yaoundé. An ce ba zai sake zuwa ba sai an samu zaman lafiya. Ka san kuwa yaushe ne wannan."

"Allah ne ya sani, Alhaji."

"Ya ce mini in aka ƙara wata shida, ko shi ba zai iya ba. Na tausaya maka, Baba. Mutum kamarka a ce jika na jansa da sanda." Ya rufe kwalbar. "Ka sha rana yau. Ka ce musu takalmin ne, ka huta."

"Alhaji, a wane sahu ka yi salla yau?"

Na'urar sanyi na ta gurnani.

"Shekara talatin ina ciyar da kai, ban taɓa jin ka tambaye ni sallata ba."

"Yaron nan na da 'ya'ya huɗu."

"Kai kuma kana da ido biyu. Ƙarfe bakwai, Baba."

Da ya fita, tsohon ya ɗaga hannunsa a gaban fuska. Inuwa kawai ya gani. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a ranar da ɓarayi suka tare shi da bindiga a dajin Waza. Yana son ya sake ganin ƙasa. Yana son ya ga sawun ɗan maraƙi a kan laka da safe, ko sau ɗaya. Ya yi kuka kaɗan, maganin ya biyo hawayen, sannan ya laluba sandarsa.

* * *

Biyar saura kwata sufeto ya tara su a rumfar cin abinci, ƙarƙashin fankoki. Madam na gefe tana duban agogo. Halime da Dawuda na tsaye a jikin bango. Alhaji ya zauna a kujerar fata ya miƙe ƙafar hagu. Aka shigo da Théodore aka zaunar da shi a ƙasa. Mutanen layi sun cika ƙofa har kan katanga.

Baba Ilyasu ya tsaya a tsakiya, ya yi bayani dalla-dalla, yadda yake yi a gaban lawani, dagacin garinsu, in an kama ɓarawo. Ya faɗi ƙaramar ƙafa a cikin babban takalmi. Ya faɗi jinin da aka rufe, da ƙafar da ta rufe shi. Ya faɗi abin da Halime ta ji a bakin ƙofa, na shanun sata da ke jiran sa hannun likitan dabbobi kafin a loda su zuwa kudu.

"Wanda ya yi wannan ya san lokacin da mai lambu ke cire takalmi, ke nan a gidan nan yake kwana. Ɗan mahauta ne. Gwiwarsa ta hagu ba ta ɗaukar nauyi. Yana da garke a hanya." Ya juya fuskarsa inda turaren ke fitowa. "Alhaji Halliru, na ci abincinka shekara talatin, Allah ya saka maka. Amma sawunka ne."

Halime ta toshe baki. Théodore ya ɗago kai da ido ɗayan da ya rage masa.

Alhaji bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Dariya ya yi, 'yar ƙarama, ta mai haƙuri da tsoho. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro takarda.

"Rabin dillalan Bogo ɗingishi suke, Yallaɓai, sana'ar ce haka. Amma laifina ne, ni na jawo shi rana. Madam, taimaka ki karanta mana abin da likita ya rubuta jiya."

Madam ta karɓa da sauri. Ta karanta da Faransanci, sannan ta fassara da ƙarfi don na kan katanga su ji. Idon dama ba ya bambance komai sai haske da duhu. Na hagu ba ya ƙirga yatsu daga taku ɗaya.

Sufeto ya tashi ya tsaya a gaban tsohon, ya ɗaga hannu.

"Papa, yatsu nawa?"

"Ba da ido na karanta ba, Yallaɓai. Da hannu ne. Mu je in ɗora hannunka a kai, kai ma za ka ji."

"Yatsu nawa, Papa?"

Baba Ilyasu ya ƙura idanunsa farare. Ya ga wani abu na motsi a cikin hazo.

"Uku."

Sufeto bai ɗaga ko ɗaya ba, dunƙule hannun ya yi. Dariya ta ɓarke daga ƙofa har katanga. Telan nan har da buga cinya. Dawuda, wanda tsohon ya kuɓutar daga ankwa ɗazu, ƙasa kawai ya duba, don naman da yake sayarwa daga garken Alhaji yake fitowa. Aka tambayi Halime ko ta gane muryar da ta ji, ta dubi Madam, ta ce ba ta gane ba.

"Sawun na nan," tsohon ya ɗaga murya. "Ku zo ku taɓa!"

"Wane sawu, Papa?" in ji Madam. "Masu ɗaukar gawa sun zo tun huɗu da rabi. Na sa an wanke wurin. Ina da baƙi."

Mota ta yi oda a waje. 'Yan sanda biyu suka ɗaga Théodore ta hammata. Da suka zo wucewa ta gaban tsohon, sai ya turje.

"Baba, sake faɗa musu. Don Allah sake faɗa musu!"

Ya sake faɗa. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fulatanci. Ba wanda ya tsaya ji, kowa ya bi motar da kallo.

Alhaji Halliru ya miƙe, ya dafa kafaɗar tsohon a gaban jama'a.

"Ku shaida, na yafe masa. Ciwo ne, ba halinsa ba ne. Kuma alkawarin da na ɗauka na nan, gobe za a yi masa aiki in sha Allahu."

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji!" in ji mutanen ƙofa. "Kai, samun irinka sai an tona!"

* * *

Baba Ilyasu ya so ya tafi tasha a ranar. Ya ɗaure ƙunshinsa, ya kai har bakin titi. Babura na wucewa ta ko'ina kamar ƙudan zuma, bai san inda kwalta ta fara ba balle inda ta ƙare. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, ba wanda ya kama masa hannu, don labarin makahon da ya yi wa mai gidansa ƙazafi ya riga ya zaga layin. Daga ƙarshe ya juya ya laluba ƙofar otal.

Ya gaya wa kansa cewa in ya samu ido zai je komisariya a saurare shi. Ya san ƙarya yake. Takardar likita na ɗauke da kwanan wata, tana nuna makaho ne a ranar da ya bi sawun, kuma duk ranar da ya buɗe baki za a tuna masa wanda ya buɗe masa idon. Ƙarfe bakwai na safe ya shiga motar Alhaji da ƙafarsa.

Ran Lahadi da hantsi likita ya zo ya warware bandejin. Haske ya soke shi, ya runtse, ya sake buɗewa a hankali. Hazon ya tafi. Ya ga zaren da ke jikin labule ɗaya-ɗaya. Ya ga tsagar bango, da tururuwa na hawa. Sannan wata fuska ta sunkuyo kansa, fes, har da furfura uku a gemu da ɗan tabon wuƙa a haɓa wanda ya manta da shi.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Halliru yana murmushi. "Baba, ka gan ni?"

Likita na jira, ma'aikaciyar jinya na jira da alƙalami a hannu.

"Na gan ka, Alhaji," in ji Baba Ilyasu.

"To, ka yi godiya mana," in ji ma'aikaciyar.

Ya yi.